'Yata ta faɗi a gidan silima tana jijjiga, wai aljanun fim ɗin ne suka shige ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, don Allah a sakaya sunana. Ranar Asabar da ta wuce na kai yarana uku silima, fim ne irin na almara na yara, da dodanni da tsuntsu mai magana da wani yaro mai sandar tsafi, rabinsa ma duk barkwanci ne, suna ta ƙyalƙyala dariya suna cin gugguru. Da aka zo wajen faɗa da dodon sai allon ya dinga walƙiya ja da fari da sauri, kawai sai babbar, shekararta 11, ta sandare ta zamo daga kujera tana jijjiga, ido ya kafe, kumfa a baki har da fitsari. Wani bawan Allah ya tura mata makullin mota a baki wai kar ta haɗiye harshenta, haƙorin gaba ya gutsure, wata kuma ta kwara mata ruwan leda. Kamar minti 2 abin ya sake ta, ta yi ta sambatu ba ta gane mu ba, sai barci. Ba zazzaɓi, kuma ba ta taɓa yi ba. Yanzu uwar mijina ta ce aljanun fim ɗin ne suka shige ta, ni na jawo da na kai su matattarar shaiɗanu. An kawo mai magani yana mata hayaƙi safe da yamma, ya ce kar a kuskura a kai ta asibiti don allura fusata su take yi, an kuma raba mata kwano da ƙannenta. Wallahi ba na iya barci, ni na cuci 'yata ne?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ba ki cuci 'yarki ba, ki fara ajiye wannan nauyin. Uwa ta ɗauki kuɗinta ta kai yaranta su yi dariya a ƙarshen mako, ina laifin a nan? Ba zan yanke hukunci kan yarinyar da ban gani ba, amma yadda kika zayyana abin, sandarewa sannan jijjiga, fitsari, minti 2, ruɗewa da barci daga baya, kuma daidai lokacin da allo ke walƙiya, wannan ya yi kama sosai da nau'in farfaɗiyar da ƙiftawar haske ke tayarwa. Ba ta da yawa, cikin masu farfaɗiya 100 kamar 3 ne suke da ita, ta fi bayyana tsakanin shekara 7 zuwa 19 kuma ta fi kama mata, kin ga 'yarki tana tsakiyar wannan rukunin. Fim ɗin bai saka mata cuta ba. Ƙwaƙwalwarta dama tana da wannan saurin amsa haske, ranar ce dai kawai aka haɗu da abin da zai fito da shi, ɗaki mai duhu, ƙaton allon da ya cika ido gaba ɗaya, ga jan launi yana ƙiftawa. Hasken da ke ƙiftawa sau 16 zuwa 25 a daƙiƙa ɗaya shi ya fi tayar da ita, wasu kuwa ko sau 3 ya ishe su. Da ba a silima ba, da wataƙila a gidan biki za ta faɗi gaban fitilun DJ, ko a mota rana na ratsowa ta tsakanin bishiyoyin darbejiya na gefen titi, ko tana buga gem a waya cikin duhu an ɗauke wuta.

Kuma ba a kanta aka fara ba. Ranar 16 ga Disamba 1997 a Japan an nuna wani kashi na katun ɗin Pokémon a talabijin, akwai wurin da ja da shuɗi suka yi ta ƙiftawa sau 12 a daƙiƙa na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, a daren nan yara 685 aka kwasa zuwa asibiti, wasu jijjiga, wasu amai da jiri, sai da aka dakatar da shirin wata 4. Ba su kira boka ba, zama suka yi suka auna hasken suka kafa wa gidajen talabijin ƙa'ida. A Ingila ma akwai ƙa'idar kar walƙiya ta wuce sau 3 a daƙiƙa a abin da za a watsa, a 2018 kuma da fim ɗin Incredibles 2 ya fito sai da aka liƙa takardar gargaɗi a ƙofofin silima a Amurka saboda wannan matsalar. Abin da ke ba ni takaici, wurin da kuka je an karɓi kuɗin tikitinku an sayar muku da gugguru da lemo, amma a duk ginin babu ma'aikaci ɗaya da aka koya wa abin da ake yi in mutum ya faɗi, har sai da ɗan kallo ya zaro makullin mota.

To bari in tsaya a kan makullin nan da hayaƙin nan, don su ne suke kashe mana yara, ita faɗuwar yawanci tana wucewa da kanta. Jama'a don Allah, don girman Allah, BA A HAƊIYE HARSHE. Ba ya yiwuwa. Harshe a ɗaure yake da ƙasan baki, ki ɗaga naki yanzu gaban madubi za ki ga tantanin da ya riƙe shi. Amma kusan kullum sai an kawo min yaro da karyayyen haƙori, ko dasashi a fashe, ko leɓe a yage saboda an danna cokali ko icce ko makulli da ƙarfin tsiya lokacin da muƙamuƙi ya datse, wani uban ma yatsansa yake sawa a cije shi sai an yi masa ɗinki. Gutsuren haƙorin nan yana iya faɗawa hanyar numfashi. Ruwan da ake kwarawa a fuska, da manja da ake ɗurawa, da rubutu, da ruwan tafarnuwa, mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, duk huhu suke tafiya, bayan kwana biyu a kawo shi da zazzaɓi da numfashi sama-sama, mu kwana a kansa muna neman iskar oksijin, sai dangi su ce ai kun gani mutanen ɓoyen ne suka dawo. Ba su ba ne, manjan da kuka ɗura masa ne. Na sha ganin tafin ƙafar yaro a ƙone an kara shi a garwashi wai don ya farfaɗo, jijjigar minti 2 ce ta tsaya da kanta amma ƙunar sai mu yi wata guda muna wankewa yaro na ihu. Kuma abin da ya sa wannan ɗabi'ar ta ƙi mutuwa shi ne, tunda abin dama zai tsaya cikin minti 1 zuwa 3, duk abin da aka yi a lokacin sai a ce shi ne ya yi aiki, wanda ya sa cokali ya ce cokalinsa ne, mai hayaƙi ya ce hayaƙinsa ne.

Shi ma sambatun da ta yi bayan ta farfaɗo, wanda na tabbata shi aka riƙa a matsayin hujja wai aljanin ne ke magana, ruɗewa ce da ke biyo bayan kusan kowace babbar jijjiga, ƙwaƙwalwa ta gaji tana komawa daidai, minti kaɗan zuwa awa, sai barci da ciwon kai da ciwon jiki. A wannan lokacin ne wasu suke danne yarinya suna dukanta da tsumagiya suna cewa fita, fita, yarinyar da ba ta ma san inda take ba. Wannan zalunci ne, ko da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Shi kuma mai maganin da ya ce allura na fusata su, ki tambayi kanki me zai rasa in kuka tafi asibiti, kuɗin hayaƙin safe da yamma zai rasa. Irinsu ne suka cika TikTok da Facebook da motoci masu lasifika a bakin kasuwa, kwalba ɗaya wai tana maganin farfaɗiya da basir da sanyi da sammu. Ƙarshen abin kullum iri ɗaya ne, a ci kuɗin mutane shekara biyu uku, yarinya ta yi ta faɗuwa, a cire ta daga makaranta, wata rana ta faɗa wuta a kicin ko ta faɗi a bakin rijiya, sai a kawo mana ita bayan an sayar da akuya an sayar da ɗan kunne. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa gaba ɗaya in an gano cutar daidai an ba su maganin da ya dace. Ni ba na hana addu'a, ni ma ina yi wa 'ya'yana tofi. Ki karanta mata Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, babanta ya yi mata, kakarta ta yi mata. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, wata mata ta zo wajen Manzon Allah (SAW) ta ce tana farfaɗiya har jikinta yana buɗewa, bai kore ta ba, bai ce a guje ta ba, albishir ɗin Aljanna ya yi mata in ta yi haƙuri, ya kuma yi mata addu'a kar tsiraicinta ya riƙa bayyana. Shi ne kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. To mu daga ina muka samo raba kwano? Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ba a ɗauka ta kumfa, ba a ɗauka ta kofi ko shimfiɗa ko taɓawa, mu da muke share kumfar nan a ɗakin emajensi dare da rana da tuni mun kamu. Yarinya 'yar shekara 11 tana kallon ƙannenta suna ci tare ita an ware ta, wannan ciwon ya fi na jijjigar daɗewa a zuciya.

In ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, ki duba agogo tukuna, ki janye abin da zai ji mata ciwo, ki sa mayafi ko filo ƙarƙashin kanta, ki sassauta hijabin a wuya, kar a danne ta kar a sa komai a baki, da jijjigar ta lafa ki juya ta ta kwanta a gefe yawun ya zubo waje, ba ruwa ba abinci sai ta dawo hayyacinta sarai. In akwai mutum na biyu ya ɗauki bidiyo da waya, ba don a tura a guruf ba, don likita ne, ya fi mana bayanin baki amfani nesa ba kusa ba. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko wata ta biyo bayan wata ba ta farfaɗo a tsakani ba, ko numfashi ya ƙi daidaita, ko ta ji rauni, asibiti kai tsaye, ba a jiran kowa ya dawo daga kasuwa.

A satin nan ki kai ta babban asibiti ki nemi ɓangaren yara masu matsalar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna da likitocin. Faɗuwa sau ɗaya ba lallai ta sa a ɗora ta kan magani ba, za a duba suga da jini da maleriya, a yi gwajin EEG, wato na auna aikin ƙwaƙwalwa, wanda a cikinsa ake haska mata fitila mai ƙiftawa da gangan a ga yadda ƙwaƙwalwar ke amsawa, ba ya zafi kuma ba ya sa wa mutum lantarki kamar yadda ake yaɗawa. Kafin ki je ki tuna, ko kin taɓa ganin hannunta na zabura da safe har kofin shayi ya suɓuce, ko tana ƙura ido shiru na 'yan daƙiƙoƙi a yi ta kira ba ta ji, ko akwai mai faɗuwa a danginki ko na babanta, da kuma ko ta samu barci sosai a daren Juma'ar da ta gabaci faɗuwar, don rashin barci babban mai tayar da ita ne. Kar ki je kemis a haɗa miki magani, ina roƙonki. Kabamazefin, wanda aka fi sani da Tegretol, da masu kemis ke saurin miƙa wa duk wanda ya ce farfaɗiya, yana iya ƙara tsananta wasu nau'o'in, har da irin mai zaburar hannu da safe wadda ta fi zuwa tare da matsalar haske. Maganin Epilim kuma yana aiki sosai a kan wannan nau'in amma yana illa ga jariri a ciki, shi ya sa muke dogon tunani kafin mu ɗora 'ya mace a kai, wannan lissafin na likitan da ya gan ta ne.

Batun kallo, a dakata da silima da gem har a ga sakamakon gwajin. Bayan nan da yawa daga cikinsu suna komawa kallonsu lafiya, a zauna can baya, a je bayan an yi barci isasshe, a gida a bar fitila a kunne a ja baya daga talabijin. Ki koya mata da kanta, in haske ya fara ƙiftawa ko a ina ne ta rufe ido ɗaya ruf da tafin hannu ta kau da kai ta bar wurin, runtse ido biyu kawai ba ya hanawa don hasken na ratsa fatar ido.

Hajiya uwar mijinki kuma kar ki yi musu da ita, tsoron kar wani abu ya sami jikarta ne ya sa ta, ki lallaɓa babansu ya karanta wannan amsar shi ya yi mata bayani, in da hali ma ku tafi da ita asibitin ta ga gwajin da idonta ta yi wa likita tambayoyinta. A kai yarinyar wajen likitan haƙori ya duba wanda ya gutsure. Hayaƙin nan a tsayar da shi yau, kuma tuwon daren yau ta ci shi a kwano ɗaya da ƙannenta.