Tambayoyin Masu Karatu: Hidimomin Makaranta Sun Yi Wa Ɗana Yawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana mai shekara 13 yana aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar maza ta je-ka-ka-dawo, kuma tun da aka koma zango na biyu a watan Janairu ban ga ya zauna wuri ɗaya ba. An sa shi a gudun mita 100 da gudun miƙa sanda na gasar wasanni tsakanin gidaje, yana cikin masu fareti, malamin Turanci ya zaɓe shi a muhawara, Islamiyyarsu kuma tana shirya shi musabaƙar izu goma, ga ziyarar da ajinsu zai kai Gidan Makama. Yakan dawo dab da la'asar da ƙura har gira, ya ci abinci a tsaye ya wuce Islamiyya, bayan isha'i kuwa da ya buɗe littafi sai barci ya kwashe shi a kai. Makinsa na gwajin lissafi ya yi ƙasa sosai. Mahaifinsa ya ce a cire shi daga komai ya fuskanci karatu, shi kuma da ya ji haka har hawaye ya yi. Mece ce shawararku?
Wata uwa daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya mana shi, ya sanya albarka a karatunsa. Damuwar mahaifinsa tana kan hanya, domin makin lissafi ba ya faɗuwa haka siddan, amma ban goyi bayan a cire yaron daga komai ba. Wasanni da muhawara sun daɗe a makarantunmu na maza. Tun a Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 kuma daga baya ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya, ɗalibai suna da lokacin fili kamar yadda suke da lokacin aji, kuma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can, bai rabu da wasan ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu ba har bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki sosai na aƙalla minti 60 a kullum. Yaron da ya iya tsayawa gaban taron ɗalibai da malamai ya kare ra'ayinsa ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, ya samu wani ilimi da zai yi masa amfani har tsufansa.

Inda nake ganin gizo ke saƙa wuri biyu ne, kuma na farko shi ne darussan da atisaye yake cinyewa. Zangon karatu bai fi mako 12 zuwa 13 ba. Makon farko yakan tafi a share-share da jiran waɗanda ba su dawo hutu da wuri ba, makonni biyun ƙarshe kuma na bita da jarrabawa ne. A 'yan shekarun nan ma watan azumi yana faɗowa cikin wannan zango, har a 2025 jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi suka ba da hutu dominsa. Idan gasar gidaje ta gabato, makarantu da yawa sukan fitar da 'yan wasa da masu fareti fili da zarar an dawo daga tara, alhali malami yana cikin aji yana ci gaba da sauran yara. Lissafi kuwa darasi ne da kowane babi yake hawa kan na bayansa, wanda ya rasa darussa uku a jere zai daɗe yana kallon allo bai san daga inda aka taso ba. Ki ɗauki littafin lissafinsa yau da dare ki duba kwanan watan da ke saman kowane shafi. Idan kika tarar da tsallaken kwanaki, ko shafukan da aka bari fayau da niyyar a kwafa daga baya, ko kuma jan biron malami ya ɗauke tun makonnin baya, to kin gano inda makin ya tafi. Kada a raina wannan gwaji, domin a makarantu da dama gwaje-gwajen cikin zango da jinga suna ɗaukar maki 30 ko 40 daga cikin 100 na sakamakon ƙarshe.

Na biyu shi ne barci. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana, saboda haka yaron da zai tashi sallar asuba bai kamata ƙarfe tara da rabi na dare ta same shi a zaune ba. Karatun da ake yi da gyangyaɗi ba ya zama a kai. Gara ya kwanta da wuri, ya yi haddarsa bayan asuba, sa'an nan a ware masa rabin awa na lissafi kafin ya yi shirin makaranta.

Shawarata ita ce mahaifinsa ya zaunar da shi cikin natsuwa, a bar masa abu ɗaya na motsa jiki da abu ɗaya na kaifafa tunani, kuma a ba shi dama ya faɗi wanda ya fi so, domin abin da yaro ya zaɓa da bakinsa ya fi riƙe shi da gaskiya. Da ni za a bi, faretin zan fara ajiyewa, saboda shi ya fi cin lokaci, ana maimaita taku ɗaya a tsakar rana har tsawon makonni, kuma wanda yake gudu ya riga ya samu rabonsa na fili. Musabaƙar Alƙur'ani ba zan ce a taɓa ta ba, sai dai a je a gaida malaminsa na Islamiyya a yi masa bayanin halin da ake ciki, ko zai sassauta masa yawan ƙarin hadda har a gama gasar. Ziyarar Gidan Makama kuwa yini ɗaya ce, a bar shi ya je ya ga tarihin garinsu da idonsa.

Daga nan sai ɗayanku ya taka zuwa makarantar ya ga malamin ajinsu, ya nemi jadawalin hidimomin zangon, ya kuma roƙi a mayar da atisaye bayan an tashi ko ranar Asabar da safe. Ku tabbatar yana karyawa kafin ya fita kuma yana tafiya da gorar ruwa, musamman idan gasar ta kai watan Maris, lokacin da zafin rana a Kano yake doshin digiri 40.

TAMBAYA: Malam, 'ya'yana biyu suna wata makarantar gwamnati ta maza, kuma a wannan zango kaɗai an nemi kuɗin rigar gida, da kuɗin ado na rumfa, da kuɗin motar ziyara. Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, kuma an ce wa yaran wanda bai biya ba kada ya shiga aji. Shin haka doka ta ce?
Wani uba daga Gusau

AMSA: Malam, Allah ya buɗa kasuwa, ya rufa asiri. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi cewa karatun firamare na shekara shida da na ƙaramar sakandare na shekara uku kyauta ne kuma wajibi ne a makarantun gwamnati, don haka bai dace a hana yaro shiga aji saboda kuɗin riga ko na rumfa ba. Gudummawar da iyaye suka amince da ita a taronsu abu ne mai kyau ga wanda yake da hali, amma ba ta zama sharaɗin ɗaukar darasi. Ka fara ganin shugaban makarantar cikin mutunci, domin sau da yawa irin wannan barazana daga bakin masu karɓar kuɗin take fitowa, shi bai ma san an yi ta ba. Idan abin bai gyaru ba, ka kai maganar taron ƙungiyar iyaye da malamai, inda za ka tarar ba kai kaɗai abin ya dama ba, kuma ka ba da shawarar a riƙa sanar da iyaye dukan abin da za a nema tun makon farko, a kuma yarda yaro ya sa kowace riga mai launin gidansu, ko da ta gwanjo ce.

TAMBAYA: Ni ƙanena nake riƙo, yana aji ɗaya. Duk wannan hidima da ake yi ba a taɓa zaɓarsa a komai ba, domin ba shi da gudu kuma yana da kunya. Ranar wasanni ma cewa ya yi ba zai je ba. Yaya zan yi da shi?
Wani matashi daga Azare

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan riƙo, kuma tambayarka ta taɓo abin da ya daɗe yana damuna. A makarantu da yawa yara ƙalilan ne ake jujjuyawa a gudu da muhawara da kacici-kacici, saboda kowane malamin gida yana son kofi, sauran kuwa a bar su a gindin bishiya suna kallo. Ga shi kuma mai kunya shi ya fi kowa buƙatar a ba shi wani abu ya riƙe. Ka je ka ga malamin ajinsu ka tambayi ƙungiyoyin da makarantar take da su, domin akwai waɗanda ba a shiga da gudu ko da kaifin baki, kamar 'yan sikawut, da ƙungiyar ba da agajin gaggawa, da ta matasa manoma, da ta kimiyya da ƙere-ƙere. Ko a ranar wasannin akwai jan igiya da langa, akwai riƙe tutar gida, da zuba farar ƙasa a layukan gudu, da rubuta sakamako a allo, duka ayyuka ne da malami zai iya danƙa masa idan an tuna masa da shi. Kada ka tsawata masa a kan ƙin zuwan, kuma kada ka gwada shi da wani yaro a gabansa. Idan aikinka zai bari, ka raka shi filin da kanka ranar gasar, ku zauna a rumfar gidansu, sa'an nan a makon da ya biyo baya ka koma wurin malamin ka ji wace ƙungiya aka rubuta sunansa.