Supageti da dunƙulen nama: me ya sa yake wargajewa a miya ko ya yi tauri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana sun matsa mini in riƙa yi musu supageti da dunƙulen nama irin wanda suke gani a talabijin. Matsalata ita ce da na zuba dunƙulen a miya sai ya wargaje. In kuma na ƙara ƙwai da fulawa don ya kama jikinsa, sai ya yi tauri har yaran su ture shi gefen faranti. Taliyar ma takan manne wa juna kafin maigida ya dawo daga sallar isha'i. Mu bakwai ne a gidan. Don Allah a ba ni awo da yadda ake yi. Daga wata uwargida.

Amsa: Wa'alaikumus salam, uwargida, sannu da ƙoƙari. Wargajewa da taurin da kika ambata duk daga wuri ɗaya suke tasowa, kuma tun a teburin mahauci ake shuka su. Don haka daga nama za mu fara.

Girkin nan na Italiyawan Amurka ne. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa kimanin miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka, akasarinsu talakawan kudancin ƙasar. A gida nama ya fi ƙarfin aljihunsu, a New York kuwa suka tarar da shi da sauƙi, sai suka ƙara wa dunƙulen girma suka ɗora shi a kan taliya. A Italiya kanta an fi cin taliya daban, a biyo da nama daga baya. Abin da ya shafe mu a nan shi ne su kan haɗa naman sa da na alade, kuma kitsen aladen ne ke ba dunƙulensu laushi. Tunda mu ba ma cinsa, dole mu nemo kitsen a jikin san.

Ki sayi kilo 1, amma ki gaya wa mahauci yadda kike so: giram 800 tsoka, giram 200 kitse. Naman kafaɗa ko na ƙirji ya fi dacewa. In an samu tozo a haɗa da ɗan yanki, babu kamarsa a wannan aiki. Naman cinya zalla, wanda yawancinmu muke ganin shi ne mai kyau, shi ya fi ba da dunƙule mai tauri, domin ba shi da abin da zai narke ya jiƙa cikinsa. Kitsen rago yana da ɗanɗano, sai dai yana daskarewa a baki da zarar abinci ya fara hucewa, saboda haka in za ki sa, ki sa kaɗan. A cire jijiyoyi, a wanke naman, a bar shi ya tsane sosai, sannan a niƙa sau ɗaya kawai. Kada a wanke shi bayan an niƙa. Kada kuma ki dafa shi kafin ki daka kamar za ki yi dambun nama: dafaffen nama ya riga ya rasa danƙonsa, ko ƙwai nawa kika fasa masa zai wargaje. In babu injin niƙa nama a kusa, ki sa wuƙa mai kaifi ki daddatsa shi a kan katako har ya yi ƙanana. Turmi da na'urar markaɗe suna mayar da shi kamar ƙullu, in ya dahu ya riƙa taunuwa da ƙyar.

Fulawar nan da kike ƙarawa, ki daina. Abin da ake so shi ne burodi jiƙaƙƙe da madara. Ki sami yanka 5 na burodin jiya, wajen giram 100, ki cire ɓawon, ki gutsuttsura, ki zuba masa madara mililita 150, wato rabin kofi da ɗan ɗoriya. Madarar gari da aka dama ta yi, muddin babu sukari a ciki. Ki ba shi minti 10, sannan ki murƙushe da cokali mai yatsu har ya zama ɗaya. Dalili kuwa, nama in ya ji wuta tsukewa yake yi ya matse ruwan jikinsa ya fitar. Jiƙaƙƙen burodi yana shiga tsakanin zaren naman ya hana shi tsukewa sosai, ya kuma riƙe romon da zai tsere. Ɗanyar fulawa ba ta wannan aiki, cushe dunƙulen kawai take yi. Burodinmu na shago yakan zo da zaƙi, to ki zaɓi wanda sukarinsa bai yi yawa ba.

A cikin burodin nan za ki haɗa sauran kayan tun kafin nama ya shigo: ƙwai 2, albasa matsakaiciya 1, tafarnuwa ƙwaya 4 dakakkiya, gishiri ƙaramin cokali 2, masoro rabin ƙaramin cokali, da ɗan ganyen ɗoɗɗoya yankakke. Ƙwai ɗaya ya ishi rabin kilo. In ya wuce haka dunƙulen yakan yi ruwa a hannu, ya yi tauri a tukunya. Albasar kuma ki goga ta a abin gogar kuɓewa, ki matse ruwan a tafin hannu. Manyan yankan albasa suna daga cikin abubuwan da ke fasa dunƙule, domin nama ba ya manne musu, daga nan tsagewa ke farawa. In za ki sa dunƙulen magi, ki rage gishirin zuwa cokali 1 da rabi. Italiyawa suna goga cukunsu mai tauri na Parmesan, wajen giram 50, su zuba. In kin samu ki sa, ki ƙara rage gishiri domin yana da nasa. In ba ki samu ba, girkinki ba zai rasa komai na laushi ba.

Yanzu ki zuba naman ki cuɗa da yatsu, a hankali, na kamar minti 1, iyakar dai ki daina ganin farin burodi a gefe guda. Wannan wuri ne da yawancin masu girki ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Gishiri da murza suna fito da danƙon nama. Kaɗan daga danƙon nan shi ke riƙe dunƙule, amma in aka yi ta murzawa kamar kwaɓin fulawa sai ya yi yawa, sakamakon shi ne taurin da yaranki ke gudu. Kafin ki mulmula duka, ki ɗebi ɗan kaɗan ki soya ki ɗanɗana. Nan ne kawai za ki iya gyara gishiri.

Ki jiƙa tafin hannu da ruwa, ki riƙa ɗibar giram 40, girman ƙaramin lemon tsami, kina mulmulawa ba tare da matsewa ba. Za ki samu guda 32 zuwa 35, kusan biyar ga kowa. Ki jera a tire, ki sa a firji minti 30. Sanyin yana daskarar da kitsen, dunƙulen ya tsaya da kyau a kasko. In babu wuta, ki ɗora tiren a kan ƙanƙara cikin kula. Kada dai ki ajiye niƙaƙƙen nama a zafin ɗakin girki yana jira, ya fi yankakken nama saurin lalacewa.

Miyar ki ɗora ta tun kafin ki fara mulmulawa, don tana son lokaci. Tumatir kilo 1 da rabi, jajaye da suka nuna sosai, tattasai 3, attaruhu 1 ko 2 gwargwadon bakin yara. Ki markaɗa ba da ruwa ba. A tukunya mai faɗi ki zuba man gyaɗa ko man zaitun babban cokali 5, ki soya albasa 2 yankakku ƙanana a wuta matsakaiciya wajen minti 8, har su yi laushi su fara zaƙi. Ki sa tafarnuwa ƙwaya 4 na rabin minti kawai, don in ta ƙone ɗacinta ba ya fita daga miya. Ki zuba tumatirin gwangwani babban cokali 3 ki soya minti 2 har launinsa ya ƙara duhu, sannan markaɗen ya biyo baya da gishiri ƙaramin cokali 1. Ki bar ta a buɗe tana dahuwa minti 30 zuwa 40.

Maganar tsami: mun san an saba jefa kanwa. A wannan miya muna ba da shawarar a haƙura da ita, domin in ta ɗan yi yawa miyar takan yi duhu, ɗanɗanon tumatirin ya mutu, alhali shi ne ran girkin. Doguwar dahuwa da albasar da ta soyu da kyau sun isa. In tumatirin na damina ne mai ruwa da tsami, ki goga karas 1 ki soya tare da albasar. Ki kuma lura, wannan ba miyar dage-dage ba ce da ake soyawa har mai ya taso sama. Ana son ta da ɗan ruwa-ruwa, ta yadda za ta rufe rabin dunƙulen ta kuma bi jikin taliya. Kori da tayim da citta duk ba haramun ba ne, amma in suka haɗu za su mayar da ita miyar shinkafa. Ɗoɗɗoya da tafarnuwa sun wadatar.

Suyar dunƙulen: mai ya rufe gindin kasko da kaurin kamar santimita 1, wuta matsakaiciya. Ki jera guda 10 zuwa 12 a lokaci ɗaya, da tazara a tsakaninsu. In kika cika kaskon zafin man zai faɗi, naman ya fitar da ruwa, ya koma dahuwa maimakon suya. Da kin ajiye su, ki cire hannu minti 2 zuwa 3. Dunƙule yana manne wa kasko da farko, in gefen ya soyu sai ya saki da kansa. Wadda ta yi gaggawar juyawa ita ke barin rabinsa a gindin kasko. Ki juya da cokali biyu, duka suyar kada ta wuce minti 7. Ba a so ya dahu har ciki a nan, ɓawo mai launin ƙasa kawai ake nema. Mai obin tana iya gasawa a zafin digiri 200 na minti 15.

Daga kasko sai cikin miya, ɗaya bayan ɗaya. Ki rage wuta sosai, yadda miyar za ta riƙa ɗan motsi tana fitar da ƙananan kumfa nan da can. In tana ɓararraka, dunƙulen za su yi ta karo da juna har su farfashe, waɗanda suka tsira kuma su yi tauri. In gawayi kike amfani da shi, ki janye rabin garwashin. Ki rufe rabin bakin tukunyar, ki ba su minti 15 zuwa 20. A minti goman farko kada ludayi ya shiga tukunyar. In kina tsoron kamu, ki riƙe hannuwan tukunyar ki ɗan jujjuya ta. Don tabbatar da dahuwa ki tsaga ɗaya: cikinsa ya daina ja, romon da ke fita ya zama garau. Mai ma'aunin zafin abinci ta nemi digiri 71 a tsakiya. Niƙaƙƙen nama ba a cinsa da saura, musamman ga yara, domin niƙa tana kai ƙwayoyin cutar da ke bayan nama har cikinsa.

Saura taliya, kuma maganin mannewarta shi ne kada ta jira kowa. Miya da nama za su iya zama a rufe a kan ƙaramar wuta, har ma sun fi daɗi in sun jima tare. Taliya kuwa sai an ji sallamar maigida za a zuba. Ki ɗora ruwan tun da wuri ya riƙa tafasa, minti 10 kacal za a ƙara jira. Mutum bakwai leda 1 da rabi, giram 750, a ruwa lita 6 da gishiri babban cokali 3 a shafe. Tukunya babba ake so. Ki zuba sai ruwa ya tafasa sosai, ki juya a minti na farko da na biyu, don a lokacin ne sitacin ke fitowa ya manna ta. Karya ta biyu ba ya canza ɗanɗano, kuma ya fi wa ƙananan yara sauƙin ci.

Abu biyu da aka saba yi a gidajenmu suna cutar da wannan girki: zuba mai a ruwan dahuwa, da ɗauraye taliya da ruwan sanyi. Man yana shafe jikinta ya hana miya kamawa, ɗaurayewa kuma tana wanke sitacin da ke riƙe miyar, sai ki ga jan ruwa ya kwanta a gindin faranti, taliya fara a sama. Ki duba mintunan da aka rubuta a ledar ki rage 2. Ki ciza ɗaya, ki ji ta dahu amma da ɗan ƙarfi a tsakiya. Ki ɗebi kofi 1 na ruwan dahuwar ki ajiye, sannan ki tsane a gwagwa.

Ki kwashe dunƙulen a kwano da ɗan miya, ki juye taliyar cikin sauran miyar a kan wuta, ki zuba rabin kofin ruwan da kika ajiye, ki yi ta juyawa minti 1 zuwa 2. Za ki ga miyar ta yi sheƙi ta lulluɓe kowane zare. In ta yi kauri ki ƙara ruwan kaɗan-kaɗan, amma ki ɗanɗana tukuna, da gishiri a cikinsa. Ki juye a babban tire, ki jera naman a sama, ki yayyafa ɗoɗɗoya.

In dole ne wani ya ci daga baya, ki ware masa taliyarsa tun kafin a haɗa, ki shafa mata ƙaramin cokali na mai, ki ajiye miyarsa daban. In ya zo ki tsoma taliyar a tafasasshen ruwa rabin minti sannan ki haɗa. Ragowar miya da nama kada su wuce awa 2 a waje, a lokacin bazara kuwa awa 1. A firjin da wutarsa ke tsayawa za su kai kwana 3, a firiza wata 3. Ɗanyen dunƙule ma ana daskarar da shi: ki jera a tire har ya ƙanƙare, sannan ki juye a leda, don kada su manne wa juna.