Kira talatin a rana: so ne ko ƙulafuci?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 23, ina karatu a Zariya. Wata takwas ke nan muna tare da saurayina, har manyansa sun zo gaisuwa. Yana kirana wajen sau talatin a rana, in ban ɗauka ba ya kira ƙawata ko ƙanena. Ya karɓi lambar buɗe wayata. Ran nan na ce ya sassauta, ya ce in na rabu da shi zai kashe kansa. Ƙawayena suna cewa na yi dace, ni kuwa da na ga kiransa gabana faɗuwa yake yi. Wannan so ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Faɗuwar gaban nan da kika ambata a ƙarshe ita na fi riƙewa a duk saƙonki. Jikinki ya riga ƙawayenki fahimtar abin da ke faruwa.

Ba zan zargi kowa don ya ruɗe tsakanin so da ƙulafuci ba, domin a farkon lamari kamarsu ɗaya. A 1999 wata likitar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pisa ta Italiya, Donatella Marazziti, ta gwada jinin mutum 20 da ba su daɗe da kamuwa da so ba, ta samu yanayin serotonin (wani sinadari mai tasiri a kan tunani da walwalar mutum) a jikinsu ya yi kama da na masu ciwon waswasi. Wato yawan tunani, rashin barci da duba waya kowane minti ba baƙon abu ba ne ga sabon masoyi. Sai dai wannan zafin yakan lafa, natsuwa da yarda su maye gurbinsa. Naku bayan wata takwas ƙaruwa yake yi. Malamai irin su Ibnul Ƙayyim tun tuni suka lissafa irin wannan zaƙewa, da suke kira ishƙi, cikin cututtukan zuciya.

Abin da nake dubawa a wurin aiki shi ne yadda mutum yake yi in an ce masa a'a. Mai sonki, in kin ce kina da jarrabawa gobe, zai ji babu daɗi amma ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ajiye waya. Mai ƙulafuci zai kira sau goma a daren, domin tsoron rasa ki yake kashewa, kuma duk amsar da kika ba shi ba ta wuce ta kwantar masa da hankali na awa ɗaya. Na sha zama da matan da aka ce musu aure zai gyara wannan. Bayan biki sai abin ya koma hana zuwa gidan iyaye da ƙirga gaisuwar maƙwabta. Kishi kumallon mata ne ake cewa, amma na maza in ya kai nan ya fi ba ni tsoro.

Maganar kashe kai kuwa kada ki raina ta, kada kuma ki ɗauke ta ke kaɗai. Ki faɗa wa mahaifiyarki ko yayanki yau, su sanar da manyansa. Yana bukatar ganin likita, akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ki canja lambar buɗe wayarki, ki adana saƙonnin barazanar. Ki roƙi iyayenki a dakatar da maganar sa rana sai an ga ya karɓi magani ya canja. In kin yanke shawarar rabuwa, kada ki faɗa masa kina ke kaɗai da shi a zaure ko a mota, a yi ta bakin manya.