Amsa ga 'yar'uwa mai fama da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa

'Yar'uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce sati biyu ke nan ƙaiƙayi ya hana ki barci, ga farin ruwa mai kauri, kin sha Ampiclox abin sai ƙaruwa yake.

Yadda kika kwatanta, ya yi kama da wanda ƙwayar kandida ke kawowa: farin abu gudaji-gudaji kamar dagargajajjiyar awara, ba wari, ga raɗaɗi in fitsari ya taɓa wurin. Ƙwayar dama tana zaune a jikin mace, ba a masai ake ɗaukarta ba. Tana yawaita ne in ana da juna biyu, ko ciwon suga, ko bayan shan irin su Ampiclox, domin suna kashe ƙwayoyin da ke tsare wurin. Shi ya sa naki ya tsananta.

Maganinsa clotrimazole ne, na matsi da na shafawa, ko fluconazole 150mg ƙwaya ɗaya. Mai ciki kada ta sha fluconazole, ta je awo a ba ta na matsi na kwana 7.

Don Allah ki bar tsarki da Dettol ko sabulu mai ƙamshi, ki ajiye miski da kayan matsi na gyaran jiki. Na ga wadda alif ya saluɓe wa fata har zama ya gagare ta. Ruwa zalla ya isa, a waje kawai, sai wandon auduga busasshe.

In kuwa akwai ƙarni kamar na kifi, ko ruwan kore ne, ko da zazzaɓi da ciwon mara, ko ya dawo sau 4 a shekara, je ki asibiti a yi gwajin ruwan, a duba suganki ma.