Kafin ka ƙara zare, duba zagayenka

Ka ce shirin da ka rubuta da yaren kwamfuta na Common Lisp yana jan ƙafa idan ka ba shi jerin bayanan ciniki 100,000, kana tambaya ko ka ɗauko laburaren lparallel ka raba aikin zare-zare (threads), wato sassan da ke tafiya a lokaci guda, ga cibiyoyi (cores) 8 na kwamfutarka, ko kuwa ka sauke safety, wato matakin binciken kuskure a kod, zuwa 0. Ƙanena, kada ka yi ko ɗaya tukuna. Na karanta kod ɗin da ka turo, ciwon ba can yake ba.

Ka sa dotimes yana ƙirga daga 0, a kowane zagaye kuma kana kiran nth ya ɗauko maka bayani na gaba. To, jeri a Lisp kamar carbi yake: kowace ƙwaya, wadda ake kira cons, ta san mai bi mata ne kawai. In kana son ta 70,000, sai ka ja tun daga ta farko. Haka nth yake yi, kuma kai sau 100,000 ka aike shi. Yi lissafin da kanka, taku kusan biliyan 5 ke nan. Ko da cibiyoyin nan 8 sun raba aikin daidai wa daida, abin da ba ya faruwa, kowace za ta yi taku miliyan 625. Alhali dolist, ko loop da for da in, zai bi jerin sau ɗaya tak, taku 100,000, a cibiya guda.

Akwai ɗan'uwan wannan a ƙasa kaɗan, inda kake liƙa kowane sakamako a wutsiyar jeri da append. Duk liƙi ɗaya sai append ya kwafe jerin gaba ɗaya, tsohon ya zama shara, mai kwashe shara kuma ya tsayar da aiki ya share. Yi push a gaba, in ka gama ka juya da nreverse sau ɗaya. Ko ka bar collect na loop ya yi maka, shi yana riƙe da wutsiyar. Na san akwai masu ƙyamar loop, wai ya fi kama da Turanci fiye da Lisp, har suka koma laburaren iterate. Ni dai loop nake koya wa yara, don yana cikin ƙa'idar ANSI ta 1994, duk inda ka je za ka same shi. In kuma lalle sai ka riƙa ɗauko bayani da lambarsa, jeri bai dace da aikin ba tun farko, bekta za ka yi da make-array, aref ya dira kan abin kai tsaye.

Nan gaba kada ka yi ta canke. Naɗe kiran cikin time, SBCL, wato kwamfailan da ke gudanar da kod ɗin Common Lisp, zai faɗa maka daƙiƙun da ya ci da yawan ma'adanar da ya ware. In shirin ya girma, akwai sb-sprof, shi zai nuna maka aikin da ke cinye lokaci.

Batun safety 0 kuwa, ban yarda ba. SBCL yana mayar da kod ɗinka harshen inji ne, kuma idan ka shaida masa cewa lamba fixnum ce, wato cikakkiyar lamba mai iyakar girma, a matakin safety 1 yakan duba ko gaskiya ka faɗa. A 0 kuwa yarda kawai yake yi. Ranar da jimillarka ta fi ƙarfin fixnum, ko ka zarce iyakar bekta, babu gargaɗi: ko amsa ta fito a karkace, ko shirin ya faɗi a wani wuri can da ba ruwansa da kuskuren. Ɗaga speed zuwa 3 a aikin da awo ya nuna, ka bar safety a 1, sannan ka karanta ƙorafin da kwamfaila zai zubo. Yana da surutu, amma yana faɗa maka daidai inda ya kasa gane nau'in lamba. Af, kuɗin nan da kake ajiyewa a double-float, wato lamba mai ɗigo, mayar da su kobo, cikakkiyar lamba, lissafin ciniki ba ya son ɓurɓushi.

In ka gyara duk wannan har yanzu bai ishe ka ba, sai mu zo kan zare. Ƙa'idar 1994 ba ta ce komai a kansa ba, shi ya sa ake amfani da laburaren bordeaux-threads don kod ɗaya ya yi aiki a SBCL da Clozure da sauran kwamfailolin Lisp. Da shi da lparallel duk Quicklisp, mai sauko da laburaren Lisp, zai sauko maka da su. pmapcar na lparallel yana da daɗi idan kowane bayani zaman kansa yake yi. Naka ba haka yake ba, domin kowane zagaye yana rubutu cikin teburin hash ɗaya da ka ajiye a defvar. Zare biyu suka taɓa shi a lokaci guda, ya lalace, sai dai in ka ƙirƙire shi da :synchronized t na SBCL, shi kuma kulle ne, zaren su koma bin layi. Abin da ya fi, kowane zare ya tara nasa teburin, in sun gama ka haɗe su wuri ɗaya.