Amsa ga 'yar'uwar da ta ga tallarta a wayar madam

'Yar'uwa, kin ce kin ga hotonki a wayar madam, an rubuta tanazul, wato za a miƙa ki ga wani gidan, an sa kuɗi a ƙasa, kina tambaya ko abin damuwa ne. Wallahi abin damuwa ne. Ni ma an yi mini haka a Jidda.

Tawa tallar yaron gidan ne ya karanta mini yana dariya: wai baƙa ce, ƙaƙƙarfa, ba ta ƙorafi, ba ta neman hutu, ba ta riƙe waya. Sama da ni tallar firji ce. To wanda ya biya kuɗi a kan wannan bayanin, me kike tsammani zai ɗauke ki? Ranar da na roƙi a ba ni Juma'a in huta, sabuwar madam ta fizgo wayar caja ta dinga zuba mini a baya, tana ihu wai an cuce su, ai an ce musu ba na magana. Mijin yana zaune da kofin shayi, ko kai bai ɗaga ba. Ta kulle ni a ɗakin wanki, ga zafi, ga warin kilorin, har na ji kiran sallar Asuba. Kuma matar nan ba ta wasa da nafila! Allah ya isa tsakanina da ita.

Ki ɗauki hoton tallar nan yau, ki tura wa wadda kika yarda da ita. A 2019 BBC ta bankaɗo yadda ake tallar masu aikatau a Instagram da Haraj, dandalin saye da sayarwa na Saudiyya, aka yi ta surutu, amma ga shi har ya iso kanki. Gyaran dokar kafala (wadda ke ɗaure mai aiki a hannun kafilinsa) na 2021 ma bai haɗa da mu masu aikin gida ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ejan ɗinmu na gida su ma haka suke yaɗa hotunan 'yan mata a WhatsApp.

Kar ki gudu, sai su buga miki hurub, wato su kai rahoton kin tsere, ki zama ke ce mai laifi. Canjin kafili ta Musaned, dandalin gwamnati na masu aikin gida, ake yin sa, ki dage a kan haka. Ki kira 19911, layin ma'aikatar ƙwadago, ki kuma sanar da ofishin jakadancinmu. Fasfonki da iƙama, katin izinin zamanki, suna hannun wa? Ki faɗa mini garin da kike, in a Jidda ne ina da wadda za ta leƙo ki.