Ɗan'uwa na Ohayo: ka fara duba ƙafafun tirelar kafin ka sayi na'urar birki

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani ɗan ƙasar Ringim mazaunin Ohayo a Amurka. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Na tara kuɗi na sayi Toyota Tacoma ta 2017 mai injin V6, zan tura gida a riƙa kai riɗi da shanshera kasuwar Gujungu da Dawanau. Yayana ya ce zai sa mai walda ya ƙera ƙaramar tirela da aksil ɗin tsohuwar mota, yana so ta ɗauki buhu 40. Ejan ɗin da zai yi mini fiton motar ya ce in ba shi dala 600 ya sa mata na'urar birkin tirela. Yaya kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, in turo masa kuɗin ya ƙara a walda, har ya kai ƙarata wajen Kawu. Wa zan bi?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu a yadda suka zo maka.

Na'urar nan da ake maƙalawa a ƙarƙashin dashbod ba ita ke tsayar da tirela ba. Aikinta kawai ta aika wuta baya idan direba ya taka birki. A cikin kowace ƙafar tirela mai birkin lantarki akwai maganaɗisu; wutar na isa ya manne da fuskar durom, juyawar ƙafar ta ja wani hannu, hannun ya buɗe takalman birki. Aksil ɗin tsohuwar mota ba shi da wannan maganaɗisun. Ko na'urar dala dubu ka saka, wutar ba ta da inda za ta je. Ejan ɗin da ya kawo maganar dala 600 bai tambaye ka irin birkin da ke jikin tirelar ba, to ko dai bai san aikin ba, ko ya sani ya yi shiru. An sha ganin irin wannan: mota ta iso gida da akwatin na'ura an ɗaure da sukuru, fitilarta na kamawa, amma shuɗiyar wayar da za ta kai wuta baya an naɗe ta an cusa bayan kafet. Mai motar yana can ƙetare, ba shi da bakin magana.

Sai maganar buhu 40, kuma nan ne na fi son ka tsaya da ƙafarka. Tacoma irin taka, idan tana da kayan ja na kamfani, iyakar abin da aka yarje mata ta ja bai wuce fam 6,800 ba, wato kilo 3,000 da ɗan ɗoriya, kuma har da nauyin tirelar kanta a ciki. Tirela mai aksil biyu da aka ƙera da ƙarfen kirki za ta cinye kusan kilo 800 zuwa 900. Abin da ya rage bai fi buhu 20 zuwa 22 masu kilo 100 ba. Buhu 40 tan huɗu ke nan, ba a ma sa tirelar a lissafi ba, tana bin motar da ita kanta nauyinta kusan tan biyu ne. Ranar da akuya ta gifta ko ɗan acaɓa ya shigo ba zato, direba zai taka birki, motar ta so tsayawa, kayan baya su ture ta gaba, tirelar ta naɗo gefe ta daki bodi. A bakin kasuwa za a yi wannan, inda yara masu talla suke. Girmama na gaba wajibi ne, kuma Yayanka ba mugunta yake nufi ba, yana lissafin kuɗin mai ne da yawan sawu. Amma biyayya ba ta kai ga a sa ran 'ya'yan mutane a caca ba. Ka kira Kawu da kanka, cikin ladabi, ka karanta masa waɗannan alƙaluma. Ka ce masa sawu biyu lafiya ka zaɓa, kuma kuɗinka ba zai shiga tirela marar birki ba.

Ga abin da za ka yi. Bar wa mai walda aikin bodi, wannan sun iya shi. Kai kuma ka sayi aksil biyu masu ɗaukar fam 3,500 kowanne, waɗanda suka zo da birkin lantarki mai durom inci 10. Birkin dama da na hagu daban suke, an rubuta a jiki, kada a musanya. Haɗa da maganaɗisu biyu na ajiya, da boris masu lamba L68149 da L44649, da robobin tare giris, domin kada ka dogara da cewa za a same su a kusa ranar da suka lalace. Ka sayi ƙwallon ja da bakin da ke hawa kansa tare, girma ɗaya. Na Amurka inci 2 ne ko inci 2 da 5/16, na Turai milimita 50, kuma haɗa na nan da na can yana sa tirela ta kwance a kan gargada.

Na'urar iri biyu ce. Akwai mai ƙidayar lokaci, wadda ke aika wuta iri ɗaya ko a hankali aka taka ko da ƙarfi. Tana da araha amma tana fizga, tana cin takalmi. Akwai mai auna yadda motar ke rage gudu ta ba tirela daidai wannan ƙarfin, irin su Tekonsha Prodigy P3. Ita za ka saya. Masu aiki da wayar hannu ka bar su, domin direban ƙauye yau wayarsa ba caji, gobe ya canza ta.

A Amurka za ka sa a ɗaura ta, a gabanka. Leƙa bayan motar: in soket mai baki bakwai ne, to Toyota ta riga ta ja wayoyin, akwai filogi a ƙarƙashin dashbod ta hagun sitiyari, igiyar haɗi ta wannan samfurin kawai za ka saya a soka. Kalar wayoyin Toyota ba ɗaya take da ta na'urar ba, shi ya sa igiyar ta fi yanke-yanke. In mai baki huɗu ne, babu layin birki a ciki, sai an ja sabo. Wayoyin na'urar huɗu ne. Baƙa tana zuwa kan batir mai alamar tarawa, ta bi ta cikin makatsar wuta mai amfiya 20 wadda ke mayar da kanta, ba fis ba, don fis in ya ƙone a gangara shi ke nan babu birki. Fara tana zuwa ɗaya kan batir ɗin kai tsaye, ba jikin dashbod ba. Ja tana kama wayar makunnin fitilar birki, ɓangaren da ba ya kawo wuta sai an taka. Shuɗiya ita ke tafiya baya zuwa soket. Baƙa da shuɗiya su zama masu kauri, lamba 10 ko 12 a ma'aunin Amurka, saboda kowane maganaɗisu yana jan kusan amfiya 3, huɗu sun kai 12, siririyar waya kuwa zafi za ta yi ta rage ƙarfin birki. In aka juya baƙa da fara, na'urar ta ƙone nan take. A kafa ta tana fuskantar inda mota ke tafiya, ba a karkace ba, inda hannun direba zai kai ba tare da ya sunkuya ba.

Bayan an gwada, zare na'urar daga mazauninta ka bar igiyar. Ƙananan kaya suna ɓacewa tsakanin tasha da tasha. Ka ba mai zuwa gida ya taho da ita a jaka. Takardun fito ka san su. Abu ɗaya zan tuna maka, sunan da ke kan takardar jirgi shi ne mai mota a idon hukuma, kada ka bar ejan ya sa nasa da sunan sauƙaƙa aiki.

A gida, mai wayarin ya haɗa maganaɗisu huɗun kowanne da layinsa daga shuɗiyar waya, ɗaya wayar kuma zuwa farar waya ta soket. Kada ya dogara da ƙwallon ja a matsayin ƙasa, wato hanyar komawar wuta, tsatsa da giris suna yanke wutar. Banda murɗa waya a naɗe da salatif. A yi dalma a rufe. A sa makunnin tsinkewa da ƙaramin batir ɗinsa, igiyarsa a jikin motar za a maƙala, ba a sarƙa ba, don in tirela ta kwance ta kama birki da kanta.

Saitin ƙarfi kuwa, a samu shimfiɗaɗɗen titi busasshe, a tafi da gudun kilomita 40, a ja ɗan hannun da ke jikin na'urar, mai kama birkin tirela kaɗai, gaba ɗaya ba tare da taka birkin mota ba. In tayoyin tirela sun kulle sun ja ƙasa, a rage lamba. In ba a ji ta riƙe motar ba, a ƙara, har a tsaya dab da inda za su kulle. Saitin tirela da kaya daban yake da na wofi. Direban da ya sauke riɗi a Dawanau ya juyo bai rage ba, kafin ya iso gida ya gama goge tayoyinsa. Wajen lodi, kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan ƙwallon ja. In buhuna suka taru a baya, tirela za ta riƙa lilo. Idan ta fara, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya ja hannun na'urar kaɗai, za ta miƙe.

Bayan kilomita 300 na farko a ɗaga kowace ƙafa a sake ɗaure takalman: a matse har taya ta ƙi juyawa, a sassauta har ta juya da ɗan gogayya kaɗan. Da damina, duk ranar da aka ratsa ruwan fadama har ya rufe durom, a yi tafiya a hankali ana ɗan jan hannun na'urar har birkin ya bushe, a kuma buɗe a duba giris kafin a sake lodi.